Dakali na Bakwai, Tsibirin Noss

Wari ne ke fara yi maka maraba
tun ido bai ga komai ba:
ƙarnin kifi, kashin shekara dubu,
sai gurnani ya taso ta ƙarƙashin ƙafarka
kamar kasuwa ta ci a cikin rijiya,
ana ta ciniki, ba mai jin kowa.

Osla Leask ta ce, "Kwanta rub-da-ciki,
dutsen nan ba ya shiri da mai tsayuwa."

Na miƙa wuya. Gaba ɗari a ƙasa
teku na tafasa ba wuta.
Ga gilimot nan, kafaɗa da kafaɗa,
fuska ga bango, baya ga iska,
riga baƙa, ƙirji fari fat.
Ba sheƙa, ba ko tsinke.
Ƙwai ɗaya tal a bisa ƙafa,
mai tsinin kai, shuɗi-shuɗi,
da zane kamar yaro ya tsinci tawada,
amma kowace ta san rubutun nata
ko da dubu ke kewaye da shi a rana mai tsawa.

Shekarar Osla saba'in da ɗaya.
Talatin daga ciki ta ba dakali guda,
na bakwai daga sama, mai tsaga a hagu.
Ta miƙo min madubin hangen nesa:
"Nemi mai farin zobe a ido,
mai tabarau kamar akawun gidan waya.
Shekarar annoba, da gawa ta cika gaɓa,
dakalin nan ya yi giɓi kamar bakina.
Ita ce ta fara dawowa."

Sha ɗayan dare, sama ta ƙi yin duhu.
Haka Yuli yake a nan,
rana ta ɓuya bayan ruwa tana leƙe.
Ɗan mai tabarau ya fito bakin dutse,
kwana ashirin a duniya,
bai kai dunƙulen hannuna ba,
fiffike kamar kunnen cokali.
Can ƙasa uban na yawo a kumfa,
ya ɗaga baki yana kira, yana kira,
ɗan na amsawa da siririn fito
mai huda hayaniya kamar allura a tsumma.
Ya matso. Ya ja baya. Ya matso.
Bonksi, ɓarawon sama, ya zaga sau biyu.
Na ji Osla ta daina shaƙa.
Ni kuwa ciyawa na damƙa,
kamar ni za a ce wa faɗa ruwa.

Ya saki dutse.

Ba tashi ba ne, kada in yi muku ƙarya.
Ƙafafu a ware, fiffike na karkarwa,
ya bugi wani dakali, ya wuntsila,
na ce shi ke nan,
sai ga ɗigo ya ɓullo a gefen uban,
suka juya wa tsibiri ƙeya
suka nufi inda ba gaɓa, ba inuwa.

Na ce, "Me zan sa a littafi?"
Ta ce, "Sa lokaci. Sa ya tafi.
Kada ka sa ya tsira, ba mu gani ba."
Ta zuba shayi a murfin gora,
hannunta na zubar da rabi,
ta ɗora laifin a kan tsufa da sanyin yammacin rayuwa.

Ku masu zuwa da madubi da jerin sunaye,
in kun sa alama kada ku tashi.
Da safe mun koma.
Mai tabarau na tsaye a tafin dutsenta,
ɗan kifi a baki, kai ciki, wutsiya waje,
ta duba dama, ta duba ƙarƙashin kanta,
ta tsare wurin da ƙirji,
maƙwabciya ta matso, ta kai mata sara.
Har iska ta busar da kifin
ba ta haɗiye ba, ba ta ba kowa.